Alkawarin Burtali

A tashar Mayahi, Abdulmumin makiyayi ya zauna kusa da wani dattijo, suna jiran mota ta cika.

"Baba, wurin magajin garinmu za ni. An shuke mana burtalin shanu."

"Ai babu magajin gari yanzu, ɗana. An rushe majalisun, an naɗa kantoma."

"Haba Baba! Da hannuna na jefa mashi ƙuri'a. Ban taɓa ganin shi ba, amma kowa ya san ya rantse ba mai taɓa burtalin nan."

Dattijon ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Ni ne na yi rantsuwar," ya ce a hankali. "An karɓe kujerar, amma maganar tana wuyana. Bari mu je wurin kantoman tare."