Masu Goyon Baya da Masu Sa Hannu

A rumfar mai shayi a Zongon Lome, wata budurwa riƙe da takardar koke ta tare wani dattijo.

"Baba, kan kwatar nan ce da ke shigo mana da ruwa gidaje. Ofishin magajin gari na son sunaye hamsin kafin Litinin."

"Ina goyon baya, 'yata. Allah ya ba da sa'a."

"Amin. Amma masu goyon baya ɗari uku gare ni, masu sa hannu goma sha ɗaya! Mai goyon baya ya yi addu'a ya tafi gida. Wanda ya sa hannu tare da mu kuwa, in an kira mu, har da shi."

"Au, tsoro kike cewa nake ji?"

"To ga bik, Baba."

Ya jujjuya alƙalamin, ya rage murya.

"Takardarku ta Faransanci ce. Ni ajami kaɗai na iya, kada in ɓata muku."

"Sunanka suke so, ba Faransancinka ba."

Ya rubuta daga dama zuwa hagu, a hankali.

"Sha biyu ke nan," in ji ta.

"Ki zo ƙofar masallaci bayan Juma'a. Rabin masu yi miki addu'ar nan, allo ɗaya muka wanke da su."