Ƙirga Daga Dama

A tashar Anka, Hudu mai gadin wani asibiti yana jiran motar Gusau, rungume da ƙunshi. Wani baƙo ya dube shi.

"Malam, ƙwai ne?"

"Faifan kwamfutarmu ne. Tagwaye ne, kowanne da bayanan yaran da gubar dalma ta kama, don in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe. To, ɗaya ya mutu. Injiniya ya ce ta waya in ciro na farko, a samo irinsa."

"Daga ina ka fara ƙirga?"

"Daga dama mana, kamar allo."

"Injiniyan ɗan boko ne?"

"Awo, ɗan boko ne."

"Riƙe da hannu biyu, malam. Mai ran ka ɗauko, gawar ka bari tana aiki."

"Ikon Allah. Ashe shi ya sa suke ta kirana."