Shuni Ya Ƙi Barin Hannuna

Assalamu alaikum, Malam mai karanta mana wasiƙu, da duk wanda ke zaune gindin akwatin rediyo. Ni ne Bukar marini, daga Ƙofar Mata.

Shekara talatin ina rini. Da yadin kanti ya cika kasuwa, aiki ya ja baya, sai na sayar da ramin rinin da na gada wurin mahaifina, na sayi keken ɗinki. Yanzu ina koyo a Gwale wurin wani tela, Malam Sule, wanda na haifi kamarsa. Ƙafa ta iya taka keke, ido ya iya zura zare. Hannu ne ya ci amanata.

Ranar Talata ya ba ni farar rigar wani Alhaji in yi mata kalmasa. Ana zafi, na yi gumi. Ina ɗaga rigar, sai ga shatin yatsuna biyar raɗau a ƙirjinta. Malam Sule ya ce, "Baba, wallahi ina jin nauyinka, amma Salla ta matso, kuma duk ɗinkin nan fari ne. In hannun nan bai fita ba, sai dai ka huta a gida."

Na goga lemon tsami, na goga toka da yashi, har fata ta tsage. Shuni na nan maƙale cikin faso da ƙarƙashin farce. Rami ya tafi, ga iyali sun zuba mini ido.

Don girman Allah, marina da teloli, wa ya san abin da ke fitar da shi? Ko takardar nan maƙwabcina ne ya rubuta mini, kuma ya hana ni taɓa ta.