Wanda Ya Dawo Hannu Biyu

A rumfar dabino a Uhudu, can Madina, na ji su. Mai rumfar na kallon waya, wani dattijo na jiran awo.

"Ɗana, tsohon fim ɗin Ingila ne wannan? Mai kumbon da aka ƙera da tukunya?"

"Wallah, kawu, har zaren da ya rataye shi ana gani. Mutumin ya dawo daga sama, matarsa ta ce ba shi ba ne."

"Harbe shi za su yi. Na san irinsu tun a siliman Maraɗi. Ƙara mini ajwa."

"Kwalayen nan duka? Shago za ka buɗe?"

"Gida za ni, gaba ɗaya. 'Yata tana goye na taho, ga shi har ta haihu. A waya Alhaji take ce mini, ba Baba ba."

"To in ita ma ta ce ba kai ba ne fa?"

"Kai yaro ne. Duba mutumin naka da kyau. Ya je har sama, me ya riƙo wa iyalinsa?"

"Ba komai."

"Shi ya sa ya zama dodo. Cika kwalin, ka danna."