Kwalbar Farko Daga Firigo

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu mai ceto. Ku amsa da ƙarfi mana! Yau na ci ɗumame kafin in fito, ina da ƙarfin tsayuwa gabanku.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Iliya, mai gyaran firigo. In firigon butiki, wato kanti, ya daina sanyi a garin nan na Agadas, ko kuran, wutar lantarki, ya dawo da ƙarfi ya ƙone shi, ni ake kira. Waccan mai hararata daga bencin mata ita ce Saratu, maiɗakina. Ta san zan tona asirin cikina.

A sana'armu akwai wata al'ada. In ka gama gyara, ba a sallamarka sai firigo ya ɗauki sanyi. Sa'an nan mai butiki ya sa hannu ya ciro kwalbar sukreri ta farko, lemun kwalba ke nan, ya buɗe da kansa, ya miƙo maka, ya ce, "Malam Iliya, ɗanɗana aikinka." Girmamawa ce. Ana tsaye ana kallonka har ka shanye.

To ku auna lokacin zafi, sa'ad da firigo ke mutuwa ko'ina. Daga wannan butiki sai wancan. Nan mai ruwan lemu, can mai baƙin ruwa, gaba kuma ɗan gwangwanin nan da direbobin hanyar Dirkou ke sha don korar barci. Duk a kan cikin da babu komai. Iska ta cika ni, in dawo gida Saratu ta aje tuwo, in ce na ƙoshi. Har alfahari nike yi, ina cewa ni ba giya, ba taba, sukreri ai abin shan ƴaƴan Allah ne!

Sai cikina ya fara ba ni amsa. Ya kumbura kamar ganga. Ƙwannafi ya riƙa taso mini har maƙogwaro. In yi kwanaki ban zaga ba, sa'an nan gudawa ta ɓalle. Wuya ya rame, ciki na gaba. Kun tuna yadda nike fita da sauri ana tsakiyar addu'a, hannu a aljihu kamar zan amsa waya? Kuna tsammanin kiran aiki ne. Ba kiran aiki ba ne, ƴan'uwa. Ku yi dariya, yanzu ni ma ina iya yi, amma a lokacin kunya ta kusa hana ni zuwa sujada.

Saratu ta ja ni likita. Aka auna jini, aka auna bayan gida, ba a ga tsutsa ba. Likitar da ta duba ni, wata mace mai haƙuri, ta ce in gaya mata abin da nike ci daga safe zuwa yamma. Da na gama lissafa mata kwalaben ta aje alƙalami.

Ta ce, "Malam, ai ci na tambaye ka, ba sha ba."

Ta bayyana mini cewa cikin hanjin mutum akwai wasu ƙananan halittu masu taya shi narka abinci, kuma abincinsu shi ne irin su gero, wake, ganye da nono. Ni na bar su da yunwa, ina ta zuba musu sukari da iska da tsami. Ta ba ni magani, ta ce amma maganin gaskiya shi ne in bar kwalba, in koma ruwa da abinci.

Nan tsoro ya kama ni. Kun san zamanmu a garin nan, mu kaɗan ne. Yawancin masu ba ni aiki Musulmi ne, sun yarda da ni, ina shiga har cikin gidajensu. Elhaji Mahamman mai babban butiki a kasuwa shi ya fara ba ni aiki sa'ad da na zo ban san kowa ba, shi ya haɗa ni da sauran. In ya miƙo mini abu da hannunsa in ƙi? Na ce za a ce Kiristan nan ya fara ƙyamar abinmu, amana ta lalace, aiki ya tsaya. Sai na ci gaba da sha, magani a aljihu.

Ran nan ina bisa moto, babur ɗina, da rana tsaka, ciki ya murɗa ni har na faɗi gefen hanya. Mutane suka kawo ni gida.

Pasto ya zo duba ni. Na ce, "Pasto, a roƙa mini Allah shi warkar da cikina."

Saratu ta ce, "Pasto, ba ciki kaɗai ba. Bakinsa ne ba ya iya cewa a'a. A fara da bakin."

Na ji haushinta, amma gaskiya ta faɗa. Pasto ya ɗora mini hannu ya ce, "Ubangiji Yesu, kai ka ba shi jikin nan. Ka cire masa tsoron mutane, ka sa masa magana mai daɗi a baki." Ƴan'uwa, na yi kuka kamar yaro. Na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Halleluya!

Da na miƙe, aikin farko da ya zo na Elhaji Mahamman ne. Na gyara, firigo ya ɗauki sanyi, ya ciro kwalba. Kafin ya buɗe na riƙe hannunsa. Na ce, "Elhaji, ka gafarce ni. Likita ta hana ni. Abin nan ne ke cin cikina."

Ya dube ni. Ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce, "An daɗe."

"Kuma kana ta sha?"

"Nauyinka nike ji, Elhaji."

Sai ya ce, "Subhanallahi! Wato da hannuna nike cutar da kai, kai kuwa kana ce mini na gode? Haba Iliya, haka ka ɗauke ni?"

Ya mai da kwalbar. Ya aika gida aka kawo fura da nono, ya sa kwanon cikin firigon har ya yi sanyi, muka zauna muka sha tare. Kafin in tashi ya leƙa waje ya ɗaga murya, duk layin suna ji: "Wanda ya ƙara ba Iliya sukreri, ni da shi ne!"

Ba zan ce muku na warke rana ɗaya ba. Na sha ciwon kai, na sha kwaɗayi, in na ji an buɗe kwalba miyau ya tsinke mini. Amma sannu sannu kumburi ya saɓe, ƙwannafi ya tafi, ina zagawa kamar kowa. Ko aiki ɗaya ban rasa ba. Ina tsoron kada a'a ta raba ni da mutane, ashe shirun da na yi ne ya ɓata wa Elhaji rai.

Na gode wa Yesu da ya warkar da cikina, ya buɗe bakina. Ɗan'uwa, ƴar'uwa, in akwai abin da ke cin jikinka kana haɗiyewa don kunyar mutane, kawo shi gaban Ubangiji yau, ka dogara gare shi. Wanda ya ba Iliya baki zai ba ka. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin!