Ƙafar Hagu ta Gidanmu

'Yan'uwa, salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta tabbata a gare ku. Ni ce Rifkatu, ta zumuntar mata. Ku dube ni da kyau, a kan ƙafa biyu nake tsaye. Halleluya!

Tsofaffin cikinku sun san babana da ƙafa ɗaya. Ina yarinya ya gurɗe a gona, can wajen Kafin Dafga, aka ɗaure masa ƙafar hagu da kara da tsumma, tamau. Ta yi baƙi, ta fara wari, aka kai shi Kano aka yanke. Dangi suka ce ai dama, tunda ya bi Yesu ya daina yanka a gindin tsamiyar kakanni, iskokin gida ne suka karɓi rabonsu.

Ya daɗe da rasuwa, amma ƙarar sandarsa ba ta bar kunnena ba. Ƙwas, ƙwas, a tsakar gida. Ina zuwa coci, ina rera waƙa, amma ko tuntuɓe na yi da hagu sai gabana ya faɗi.

Bara da kaka muna cirar gyaɗa, na taka ramin gafiya a gefen kunya. Ƙafar ta lanƙwashe, na zube. Wayyo! Ina dubawa, hagu ce.

Kafin a kai ni gida idon sawun ya kumbura suntum. Gwaggo Tabawa, ƙanwar babana, ta gasa min da ruwan zafi, ta ja, ta murza, ina ihu. Sannan ta ɗaure da tsumma kamar bakin buhu, ta zauna ta zuba min ido.

"'Yar nan, kin dai ga wace ƙafa ce. Baƙin zakara ɗaya ne za a yanka a gindin tsamiya, ba wanda zai ji. Ko sandar ubanki kike so ki gada?"

Sandar kuwa tana jingine a bayan ƙofata. Washegari yatsun ƙafar suka yi sanyi ƙalau, ba na jin su. Ba zan ɓoye muku ba, har na buɗe baki zan ce a kamo zakaran. Sai kuka ya ƙwace min. Na ce, "Yesu, babana ya rasa ƙafa bai juya maka baya ba. Ni ba ni da ƙarfinsa. Ka riƙe ni!" Ina share hawaye na kira maigidana, "Baban Yohanna, ta da babur, kai ni asibiti."

A Karaye wata nas ta sa almakashi ta yanke tsumman. "Haba baiwar Allah! Wa ya shaƙe miki ƙafa haka?" Ta danna ƙasusuwan idon sawun, ban ji zafi a nan ba, sai a naman da ke ƙasa. Ta ce in taka. Na taka, ina ɗingishi.

"Ba karaya ba ce, targaɗe ne. Ba ruwan zafi yanzu, ba ja. Ki riƙa sa tsumma mai sanyi, ki ɗora ƙafar a kan matashi, ki huta." Ta naɗa bandeji yadda yatsa zai iya shiga.

Na ce, "Da an bar ɗaurin fa?"

Ta ce, "In jini bai wuce ba, ƙafa mutuwa take yi."

Nan take na tuna ƙafar Baba!

Da na koma na faɗa wa Gwaggo. Sai ta ce, "Ranar da aka ɗaure ƙafar Yaya, ni na ja tsumman." Tun daga nan ba ta sake zancen zakara ba, abinci ma sai an matsa mata.

Da sandar Baba na dogara har na warke, kuma yanzu ba na tsoron ƙararta. Na gode wa Yesu da ya riƙe bakina ranar nan. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, in ciwo ya zo ku je a duba. Kuma ina roƙonku, ku sa Gwaggo Tabawa a addu'a. Ni an kwance min nawa ɗaurin. Amin.