Motar Da Ta San Muryar Sabitu

A tashar Wunti, Malam Mijinyawa na zaune rungume da takardu, wani fasinja ya tambaye shi ina ya nufa.

"Abuja. Zan yi wa na'urar da ɗana Sabitu ya ƙera rajista da sunansa. Ya sa ta a motarsa saboda ɓarayi, ba ta tashi sai ta ji muryarsa."

"Shi me ya hana shi zuwa?"

"Ya rasu, wata huɗu ke nan."

"Allah ya jiƙansa. Baba, ai sai a cire na'urar, mota ta yi aiki."

"A cire? Kullum da safe nakan shiga in ce mata ta tashi. Sai ta amsa da muryarsa: 'Yi haƙuri, ba Sabitu ba ne.' In aka cire, a ina kuma zan ji yarona?"